Tazarar Haihuwa a Ƙasar Boɗinga da Shagari: Jiya da Yau

Tazarar haihuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Sakkwato, kuma harshe shi ne shaida. Kalmomin "kwanika" da "rurrutsa", wato mace ta ɗauki ciki tana goyo, kalmomi ne na zargi. A ƙauyukan Boɗinga da Shagari, kamar sauran ƙasar Hausa, mai haihuwar fari kan tafi gidan iyayenta wankan jego, ta shayar kusan shekara 2, miji kuwa ya ƙaurace mata. Wasu kan haɗa da guru, ko laya, ko rubutu. Malaman Malikiyya kuma sun halatta azalu bisa yardar matar.

Waɗannan hanyoyi ba su cin kuɗi sosai, sai dai ingancinsu ya bambanta. Ƙauracewa ba ta kuskure, amma tana bukatar haƙurin miji. Shayarwa zalla tana karewa a watanni 6 na farko, muddin haila ba ta dawo ba. Da azalu, kimanin mata 20 cikin 100 kan sami ciki a shekara. Guru da laya kuwa ba su hana komai.

Hanyoyin asibiti sun zo da nasu ma'aunin. Cikin mata 100 a shekara, kimanin 7 kan sami ciki da ƙwayoyi, 4 da allurar wata uku, ƙasa da 1 da ashanar fata ko robar mahaifa. Amma allura da ashana kan rikita haila, abin da ke damun mace mai kiyaye salla da azumi. Wasu ƙwayoyin kuma ba su dace da mai hawan jini ba.

A 2011 Gwamnatin Tarayya ta mayar da waɗannan kayayyaki kyauta a asibitocinta da na jihohi, a 2014 kuma ta ba ma'aikatan lafiya na karkara damar sanya ashana. Duk da haka, binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 2 cikin 100 kawai na matan aure a Jihar Sakkwato ke amfani da hanyar zamani. Ashe farashin magani ba shi ne babban shinge ba. Akwai kuɗin mota, da izinin maigida, da zaton cewa ƙayyade iyali ake nufi. Matuƙar ba a bayyana wa magidanta cewa maganin kwanika ne ake kawo musu ba, wadda kakanninsu ma suka ƙi, uwa da jariri ne za su ci gaba da ɗaukar wahalar.