Jiragen jigilar ma'aikata a tashoshin lantarki na iska: aikinsu a teku da darasinsu ga Sakkwato

Injin samar da lantarki daga iska ba ya daɗewa yana aiki sai da masu gyara, masu gyara kuma sai da hanyar isa gare shi. A tashoshin da aka kafa cikin teku, ƙananan jiragen ruwa na musamman ne ke ɗaukar wannan nauyi.

Yadda jiragen suke

Galibinsu ana ƙera su ne da sanholo, da gangar jiki biyu a jere domin rage tangaɗi. Sukan ɗauki ma'aikata 12 ko 24 da kayan gyara daga gaɓa da sassafe, su dawo da su da yamma. Idan jirgin ya isa, direba yakan manna goshinsa mai kaurin roba a jikin turken injin, ya ci gaba da turawa har ma'aikaci ya taka tsani ya haye. Da igiyar ruwa ta wuce kimanin mita ɗaya da rabi, yawancin jiragen sukan fasa fita, injin da ya lalace kuma ya zauna ba ya samar da komai.

Tashar farko a teku ita ce Vindeby ta Denmak, wadda ta fara aiki a 1991 da injina 11 kusa da gaɓa. Hornsea 2 ta Ingila kuwa, mai injina 165, tana da nisan kimanin kilomita 89 daga gaɓa. A irin wannan nisa, manyan jirage ake amfani da su, waɗanda ma'aikata ke kwana a cikinsu na kusan mako biyu.

Halin da ake ciki a Najeriya

Najeriya ba ta da tashar iska a teku, ko da yake ta daɗe da jiragen kai ma'aikata rijiyoyin mai a yankin Neja Delta. Iskarta mai ƙarfi a doron ƙasa tana Arewa, musamman Sakkwato, Katsina da Jos. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana nazarin wannan fanni, kuma an taɓa kafa injin gwaji mai ƙarfin kilowat 5 a ƙauyen Sayya Gidan Gada na jihar Sakkwato.

Aiki mafi girma shi ne na Lambar Rimi a jihar Katsina: injina 37, megawat 10, ƙirar kamfanin Vergnet na Faransa. A watan Disambar 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan kamfanin, Francis Collomp, a garin Rimi, bai kuɓuta ba sai Nuwambar 2013. Aikin ya yi shekaru yana jan ƙafa, alhali iska ba ta daina kaɗawa ba.

Abin lura

Abin da igiyar ruwa ke hanawa a teku, rashin tsaro da lalacewar hanya ne ke hana shi a Arewa. Saboda haka duk lokacin da gwamnati ta yi alƙawarin tashar iska, akwai tambayoyin da suka wuce yawan megawat: wane ne zai yi gyara, a ina zai zauna, ta wace hanya zai isa wurin lafiya, kuma nawa aka ware domin hakan a kasafin kuɗi?