Daga Model T Zuwa Roka: Tarihin Gaskit da Ruwan da Ke Ɓacewa a Inji

Wannan makon gareji za mu shiga, mu bi tarihin wani ɗan faifai da kaurinsa bai fi na kwali ba, amma idan ya ƙone sai ya tsayar da babbar mota da lodinta a tsakiyar daji. Kanikawa na ce masa gaskit, ko tof-gaskit. Da yawanmu idan muka sa direba a labari, iyakarmu mu rubuta "mota ta yi zafi" mu wuce, alhali abin da ke bayan wannan zafin ya haura shekara ɗari ana fama da shi.

Yawancin injinan motocin farko ba su da wannan matsala, domin silinda da kanta a haɗe ake zuba su, ƙarfe guda. Babu mahaɗa balle ta yi yoyo. Wahalar ita ce idan kunkunniya ta taru a ciki, sai an wargaza inji kafin a kankare. A 1908 kamfanin Ford ya fito da Model T, mai silinda huɗu a bulok ɗaya, da kan inji daban wanda ake ɗaurewa da noti. Gyara ya yi sauƙi, kuma kafin a daina ƙera ta a 1927 an yi sama da miliyan 15, sauran kamfanoni suka bi sahu. Sai dai raba ƙarfen biyu ya haifar da mahaɗar da wuta da ruwa da baƙin mai ke ratsawa, kowanne ta raminsa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai faɗin yatsa ba. Aka sa faifan jan ƙarfe biyu da asbesto a tsakiya don ya raba su. Asalin gaskit ke nan.

A wancan zamanin raguwar ruwa ba alamar ciwo ba ce. Lagireto a buɗe yake ga iska, ruwa na kaiwa digiri 100 sai ya tafasa ya fice. Yawancin Model T ma ba su da famfon ruwa. Ruwan zafi ne ke hawa sama da kansa, mai sanyi ya sauko. Direba ya saba ƙara ruwa kamar yadda ake shayar da doki. Har wani ma'aunin zafi aka ƙirƙiro a 1912, Boyce MotoMeter, da ake ɗaurawa a kan murfin lagireto don direba ya riƙa hango shi daga mazauninsa.

Abin da ya sauya lissafi shi ne murfi mai sifirin, wanda ya yaɗu a shekarun 1940. Murfin na riƙe matsi a ciki, ruwa ba ya tafasa sai ya kai digiri 110 zuwa 120, gwargwadon ƙarfin murfin. Daga nan ruwa ya daina ficewa haka kawai. Idan ya ragu, to akwai inda ya bi, kuma aikin bakanike ne ya gano wurin.

A ƙasarmu, motar da ta fi koya wa kanikawa wannan karatu ita ce Mercedes 911 mai gajeren hanci, wadda muke kira roka, wadda kuma a Legas aka gina molue a kanta. An fara ƙera wannan zubi a Jamus a 1959. Lambar na nufin nauyin tan 9 da ƙarfin doki 110. Yawancin waɗanda muke gani injin OM 352 ne a cikinsu, mai silinda shida, lita 5.7, wanda ya fito a 1964, kuma a farkon shekarun 1980 kamfanin ANAMMCO ya fara harhaɗa manyan motocin Mercedes a Inugu. Injin dizal na matse iska kusan sau 17, na Model T kuwa wajen sau huɗu ne. Ku auna abin da gaskit ke tarewa a nan. Bayan tsarin SAP na 1986 naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari mai ƙaramin jari, aka dawo ana ta farfaɗo da tsofaffi da kayan Ƙofar Ruwa da Fanteka. Injin da aka riga aka buɗe sau uku ko huɗu, shi ne kullum ruwansa ke ɓacewa.

Gogaggen bakanike ba ya fara zargin gaskit, don buɗe kan inji kuɗi ne da kwanaki. Daga waje yake farawa: bakin tiyo, gindin lagireto, ɗan ramin da ke ƙarƙashin famfon ruwa wanda ke ɗiga idan sil ya mutu, da ƙananan marufan ƙarfe na jikin bulok da tsatsa ke hudawa. Sai murfin lagireto kansa. Idan sifirinsa ya saki, ruwa zai riƙa bin tiyon ambaliya a kan hanya, a tsaya a duba ƙasa ba a ga ɗigo ba. Mutum nawa aka sa ya sayi gaskit alhali murfi ne ya gaji?

Akwai wani abu da ya kamata mu lura da shi. Alamomin da littattafan gyara ke bayarwa, don ƙasashen sanyi aka tsara su, inda ake haɗa ruwa da sinadarin hana daskarewa da aka fara sayarwa tun ƙarshen shekarun 1920. Sinadarin yana da launi da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, shi ya sa suke cewa a shinshina hayaƙi, a nemi tabo kore. Rokokinmu kuwa galibi ruwan rijiya ko na rafi suke sha. Ba ƙamshi, ba launi, sai dai layin tsatsa inda ruwa ya bushe. Dole kanikawanmu suka koma dogaro da wasu alamun.

Babbar cikinsu kumfa ce. Da safe, inji na sanyi, a cire murfi a cika ruwa a tayar. Idan kumfa na ta tasowa ba ƙaƙƙautawa, ko ruwa ya yi tsartuwa da an taka totur, iskar silinda ce ke kutsawa hanyar ruwa. Haka idan an mayar da murfi, tiyon sama ya yi tauri cikin minti ɗaya ko biyu tun inji bai ɗumama ba. Farin hayaƙi kuwa yana yaudara: na ruwa tururi ne, yana watsewa da wuri, na nozul mara kyau yana warin ɗanyen gas yana yaji a ido. Baƙin mai da ya koma kalar shayi mai madara alama ce mai ƙarfi, amma a injin da ruwa ke sanyaya mai, akwatin sanyayawar ma kan fashe ya haɗa su, gaskit na nan lafiya lau. Mafi muni ita ce a murza ki da safe inji ya ɗan juya ya cije. Ruwa ya kwana a kan fistin, kuma ruwa ba ya matsuwa. Wanda ya sa aka tura motar a haka, sai ya lanƙwasa kwanrod.

Daga baya kayan gwaji suka shigo: famfon hannu da ake ɗaurawa a bakin lagireto a ga ko allura za ta sauka, da wani shuɗin ruwa da ke komawa kore ko rawaya idan hayaƙin inji ya ratsa shi. Idan kuma aka auna matsi aka samu silinda biyu maƙwabta duk sun yi ƙasa, gaskit ya tsage tsakaninsu.

A ganinmu, inda aka fi tafka asara shi ne bayan an gano. Gaskit ba safai yake mutuwa shi kaɗai ba. Zafi ne ke riga shi, daga fanbel da ya saki ko lagireton da gishirin ruwan rijiya ya toshe. Kai guda ne ya rufe silinda shidan OM 352, dogo ne, zafi na iya gantsarar da shi, kuma kwara ruwan sanyi a injin da ke tafasa kan tsaga shi. Wanda ya sa sabon gaskit bai ɗora miƙaƙƙen ƙarfe ya duba gantsarewa ba, bai wanke lagireto ba, zai dawo kafin wata ya zagayo. Ɗaurin noti ma da tsarinsa: daga tsakiya zuwa gefe, hawa-hawa, da sifana mai auna ƙarfi, ba da bututu a ƙarshen sifana da yaron mota yana lilo a kai ba.

Tarayyar Turai ta haramta asbesto gaba ɗaya a 2005 saboda yana jawo cutar daji a huhu, kuma sababbin injina sun koma gaskit na faifan ƙarfe hawa-hawa. Irin wannan yana son fuska sumul kamar madubi, abin da tsohon bulok ba shi da shi. Shi ya sa roka har yau gaskit mai taushi ake sa mata, irin wanda ke ɗan kwantawa bayan inji ya yi zafi, sai an dawo gareji an sake bin notin ɗaya bayan ɗaya.