Daga Kwalejin Katsina Zuwa Nahuce: Tarihin Darasin Litireca A Wurinmu



Da shugaban kwamitin wannan mujalla ya aiko mini cewa lallai sai na kawo rubutu a fitowar bana, na ɗauka zai bar ni in ba da labarin ƙwallo da bulalar makara, kamar yadda aka saba. Ashe ba haka ba ne. Cewa ya yi, tun da ni na fi kowa surutu a ajin Litireca, to in binciko wa jama'a inda wannan darasi ya samo asali, da yadda aka yi ya iso mana har Nahuce. Umurnin manya kuwa ba a ƙin sa.

Duk wanda ya zauna ajin nan zai tuna da jerin kalmomin da muka yi ta hadda kamar karatun allo: simili, metafo, haifaboli, aironi, da waccan mai karya harshe, wato fasonifikeshan. Muna rubuta ma'anarsu, mu haddace, mu zuba a jarrabawa, mu fito mu manta. A zatonmu a lokacin, waɗannan abubuwa kayan Turawa ne, da jirgi aka kawo su, kamar sukurudireba da kananzir. Binciken da na yi ya nuna mini cewa wannan zato yana da dalili a tarihi, amma kuskure ne, kuma kuskuren ya ci mana yara da yawa.

Tun kafin Bature ya tako ƙasar nan ana nazarin adabi a zaurukan malamai. Almajirin da ya yi nisa yakan karanta Ishiriniya da Burda, ya wuce zuwa waƙoƙin Larabawan Jahiliyya da Muƙamatul Hariri. A nan zai haɗu da ilmin balaga, ya san tashbihi da isti'ara da kinaya, ya kuma koyi aruli, wato ilmin auna karin waƙa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a nan ƙasar Zamfara kafin jihadi, da waƙa ya isar da yawancin saƙonsa ga talakawa. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. Wanda ya tsara baiti ƙwar biyar da amsa-amo guda daga farko har ƙarshe, ba ya bukatar a koya masa mene ne raim.

Bokon kansa ya shigo Arewa a makare. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909. Amma inda aka fara koyar da Turanci mai zurfi shi ne Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922 domin horar da malamai. A can an matsa wa ɗalibai ƙwarai kan iya furta Turanci da karanta shi yadda masu shi suke yi, kuma kowa ya san irin lafazin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito da shi. Ahmadu Bello ma a can ya gama a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, sannan a 1938, bayan an naɗa shi Sardauna, aka turo shi Gusau. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki a wannan tarihi. Mutanen farko da suka sha adabin Turanci a Arewa, da suka tashi yin rubutu, da Hausa suka yi. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ya zagaya garuruwa yana neman malamai su shiga gasar ƙaga labari. Ya sha wuya kafin ya shawo kansu, domin a ganin malaman wancan zamani, labarin da bai faru ba tatsuniya ce, tatsuniya kuwa ta mata da yara ce. Duk da haka gasar ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Imam da Ɓalewa duk 'yan Kwalejin Katsina ne. Daga baya Imam ya rubuta Magana Jari Ce, inda ya ɗebo labarai daga littattafan Larabawa da na Indiya da na Turai, ya sa musu riga da wando na Hausa har ba ka gane baƙi ne. East kuma ya fitar da Six Hausa Plays, wanda ake lissafawa a matsayin farkon rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa. Wato a hannun waɗannan bayin Allah, adabin Turanci da na Hausa ruwa ɗaya ne, kowane yana zuba cikin ɗan'uwansa.

Rabuwar ta zo ne ta hanyar jarrabawa. Da farko jarrabawar Kambirij ake yi, daga Ingila ake tsara ta, littattafanta kuma na can ne. A 1952 aka kafa hukumar WAEC, ta gaji tsarin. Bayan samun 'yancin kai a 1960 ne sannu a hankali marubutan Afirka suka fara shiga manhaja. Abin da ya taimaka shi ne jerin littattafan African Writers Series da kamfanin Heinemann ya fara a 1962, masu bango ruwan lemo da yayyenmu suka sani. Na farko a jerin shi ne Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda aka fara bugawa a 1958, na biyu kuma Burning Grass na Cyprian Ekwensi, labarin Fulani makiyaya. Ekwensi a Minna aka haife shi, kuma shi ya rubuta The Passport of Mallam Ilia, wanda da wuya a sami ɗan boko a Arewa da bai ji sunansa ba. A fannin waƙa, West African Verse na Donatus Nwoga ya fito a 1967, sai A Selection of African Poetry na Senanu da Vincent a 1976. An sami ci gaba, babu shakka. Sai dai a jadawalin makaranta Hausa ta zama darasi dabam da malaminta, Litireca dabam da nasa malamin, kowa da littafinsa da kalmominsa, ba mai leƙa ajin wani.

Haka muka tarar da abin. Tsarin 6-3-3-4 ya riga ya kankama tun shekarun 1980, an ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996 muna firamare, an kafa NECO a 1999, ta fara jarrabawarta a 2000. Mu da muka fita a 2008 mun yi WAEC da NECO duka biyu. Da safe malamin Hausa zai koya mana kamantawa da siffantawa da kambamawa, bayan tara kuma mu shiga Litireca mu haddace simili da metafo da haifaboli, kuma wallahi ban taɓa kawowa a raina cewa abu ɗaya ake faɗa mana sau biyu ba.

Wanda ya buɗe mana ido baƙo ne, wani ɗan bautar ƙasa daga kudu, wanda Hausarsa ba ta wuce sannu da ina kwana ba. Ya yi mako biyu yana fama da mu kan waƙoƙi, aji shiru kamar an yi mutuwa. Rannan sai ya tambaye mu ko a garinmu ba a waƙa ne. Muka yi dariya. A Zamfara za a tambayi waƙa? Ƙasar da ta haifi Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi, ga Salihu Jankiɗi ɗan Rawayya nan kusa da mu? Ya ce to gobe a zo masa da kaset. Wani daga cikinmu, ba zan faɗi sunansa ba domin yanzu babban mutum ne, ya sato rediyon babansa da kaset ɗin Ɗanƙwairo. Aka kunna, muna fassara masa ɗiya bayan ɗiya, shi kuma yana tsaye gaban allo da alli. Da makaɗi ya kira sarki giwa, sai ya rubuta metafo. Da ya ce dakarunsa sun fi a ƙirga, ya rubuta haifaboli. Da 'yan amshi suka dawo kan gindin waƙa, ya rubuta rifiren. Da aka zo kan wani ɗan sarki da aka yi wa zambo ba a ambaci sunansa ba, aji ya tuntsire da dariya, shi kuwa bai san dalili ba sai da muka bayyana masa. Ya ce to wannan shi ne sataya, kuma ku kun fi ni sanin sa. Kafin a buga ƙararrawa allo ya cika. Duk abin da muka yi wata da watanni muna hadda, ashe tun muna goye muke jin sa.

Sai da na shiga jami'a na gane cewa masana sun riga sun yi wannan aiki tuntuni. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya tsara hanyar feɗe rubutacciyar waƙa, da kalmomi irin su jinsarwa da mutuntarwa da dabbantarwa da alamtarwa. Namu na gida, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, ya fitar da Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya kuwa har wasan Shakespeare ya mayar Hausa, ya kira shi Daren Sha Biyu. Littattafan suna nan, ba su dai haɗu da malamin Litireca a aji ɗaya ba.

Daga ranar kaset ɗin nan sai karatun ya canja. Da muka zo kan Hamlet, musu ya ɓarke. Malam yana nuna mana cewa babban abin ƙyama shi ne sarauniya ta auri ƙanen mijinta. Mu kuwa ba mu ga aibin wannan ba, ai a wurinmu ana yi, har ana yaba wa wanda ya riƙe marayun ɗan'uwansa. Abin da ya ɗaga mana hankali shi ne ba ta ko cika wata biyu ba ta yi aure. Ina takaba? Wata huɗu da kwana goma fa! Wata ɗaliba a layin gaba ta ce wannan gaggawa kaɗai ta isa a zargi matar da sanin abin da ya kashe mijinta. Malam ya ce ta rubuta haka a jarrabawa, in dai za ta kafa hujja daga cikin wasan. A ganina ranar ce muka fara nazarin adabi na gaskiya. The Joys of Motherhood na Buchi Emecheta bai ba mu wuya ba, domin kowa ya san wata tsohuwa da ta ƙare ƙarfinta kan 'ya'ya ta mutu ba kowa a kanta, sunan littafin kansa kuma gatse ne. 'Yan matan ajinmu, da suka ƙoshi da littattafan Balaraba Ramat Yakubu da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a ƙarƙashin tebur, sun fi mu gane waiwaye da jan rai a labari nesa ba kusa ba. Shi kuwa The Government Inspector na Gogol, wasan da aka fara nunawa a Rasha a 1836, inda manyan gari suka ɗauki wani matashi matsiyaci a matsayin sufeton gwamnati suka yi ta tura masa toshiya, a aji dariya kawai ya ba ni. Sai da na kama aikin gwamnati na fahimce shi sosai. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

To, me ya sa na dame ku da dogon tarihi? Saboda darasin yana neman ɓacewa a yankinmu, kuma ɓacewarsa tana da farashi. Yaron da bai da kiredit a Litireca ba zai sami gurbin karatun lauya a jami'a ba, haka ma digirin Turanci. Ina da abokai biyu a ajin da ke bayanmu da suka so zama lauyoyi, amma shekararsu ba a sami malami ba, ba su zauna jarrabawar darasin ba, dole suka canja hanya. Dogaro da 'yan bautar ƙasa kuwa ya zama da wuya tun da rashin tsaro ya yi tsanani. Kowa ya tuna 2021, shekarar da aka sace ɗalibai mata a Jangebe a watan Fabrairu, aka rufe makarantu, daga baya har layukan waya aka katse. Baƙo irin wanda ya koya mana ba lallai ne ya yarda ya zo ba. Kuma ba za a ce 'yan Arewa ba su iya fagen ba: Zaynab Alkali ta fitar da The Stillborn tun 1984, ga marigayi Abubakar Gimba, ga Abubakar Adam Ibrahim da ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016 da littafinsa Season of Crimson Blossoms.

Shawarata ga ƙungiya guda biyu ce. WAEC takan canja littattafan Litireca ne duk bayan shekara biyar: ƙannenmu na 2011 zuwa 2015 sun yi The Tempest da Purple Hibiscus, na 2016 zuwa 2020 suka yi Othello. Ke nan in muka sayi littattafan sau ɗaya a farkon zango, aji biyar za su ci moriyarsu, muddin an ajiye su a laburare ba a raba wa yara su tafi da su gida ba. Mu a zamaninmu kwafi uku na Hamlet muka yi ta karɓa-karɓa, har bangonsa ya fita. Ta biyu ba ta cin ko kwabo: mu roƙi hukumar makaranta ta riƙa haɗa malamin Hausa da na Litireca a aji ɗaya, ko da sau ɗaya ne a zango, ɗaya ya kawo waƙar makaɗi, ɗaya ya kawo ta manhaja, a feɗe su tare. A cikinmu akwai waɗanda suka karanta Turanci da Hausa a jami'a, suna zaune Gusau da Tsafe da Bunguɗu, in an tsara ranar Asabar za su iya zuwa.

Na sa sakatare ya saka maganar a ajandar taronmu na bayan Sallah. Wanda kuma ya sato rediyon babansa, ya san kansa, shi za mu fara miƙa wa takardar gudummawa.