Jirgin Kara da Jirgin Kwamfuta

Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano. Daga Helwan ta ƙasar Masar suka taso, wani hafsa mai suna Arthur Coningham yana jagorantarsu. A cikin wannan shekara, nan maƙwabtanmu a ƙasar Kurfai, wani abu ya ɓullo wanda ya hana Faransawa barci. Wasu iskoki da ba a san su ba a bori suka fara hawan wata mata mai suna Shibo, ƴar garin Shikal: iskoki masu maci irin na soja, masu sara wa juna, masu muƙaman bariki. Wasu suka kira su Hauka, mu a Arewa, wato yankin Dogon Dutsi, muka ce Babule, kuma ba a jima ba abin ya ratso garuruwanmu. Kumandan Yamai na lokacin, Crocicchia, ya sa aka kamo waɗanda iskokin ke hawa aka kulle. Su kuma suka shigar da shi cikin jerin iskokin, suka raɗa masa Kumandan Mugu.

Ban kawo zancen Babule don in ce wasa ne ba. Ga masu yin sa ba wasa ba ne, ga Nasara ma bai zama wasa ba, tun da har kurkuku ya kai mutane. Na kawo shi ne don a ga cewa mutanen wannan yanki, tun daga 1899 da sojojin Voulet da Chanoine suka gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, zuwa 1906 da Faransawa suka kafa barikinsu a Dogon Dutsi, sun iya zuba wa baƙon abu ido su ɗauke shi ɗaki-ɗaki: tafiyarsa, tsawarsa, da tsarin wa ke gaba da wa. Wannan baiwar ita ce ta raya wani kwaikwayo mai sanyi, na raha da zumunci, wanda ni na tashi na tarar, wato wasan kara.

An fi sanin wasan kara da Damagaram, inda Inoussa Ousseini ya ɗauke shi a fim a 1980, amma ƙasar Hausa da yawa ta san shi, wasu wuraren da sunan kalankuwa. A ƙauyenmu, can wajen Tibiri, lokacinsa shi ne kaka, in gero ya shiga rumbu, kara ya cika gonaki, samari sun sami sarari. Zamanin Seyni Kountché ne, wanda ya hau mulki a 1974 ya farfaɗo da samariya, don haka sarkin samari yana da faɗa a ji. Shi ke raba muƙamai: wannan kumanda, wannan alƙali, wannan lokotoro, waɗannan jandarmomi. Tabarau na kara, agogo na kara, bindiga ta kara, har rediyo mai eriya.

Mu ƙanana aikinmu jirgi. Sai ka zaɓi karan dawa mai kauri wanda bai ji ruwa ba, ka ɓare ɓawonsa siri-siri da haƙori ko da reza, ka fito da totuwa fara sol. Totuwar ce gangar jiki, ɓawon ne ƙusa da haƙarƙari. Fiffike biyu, wutsiya mai tsaye, sannan farfela wadda ake soke ta da ƙayar aduwa don ta riƙa juyawa in ka yi gudu da ita cikin iska. Manyan samari kuwa sukan ƙera ƙato wanda mutum biyu ke shiga su ɗauka a kafaɗa, don ya kawo baƙo daga Yamai. Ana share fili, a jera toka layi biyu, wani ya tsaya da tsumma a kan sanda. In bai kaɗa tsumman ba, jirgi ba ya sauka, ko da masu ɗauke da shi sun yi sharkaf da zufa suna zagaye. Yawancinmu ba mu taɓa ganin jirgi a ƙasa ba, sai farin layin da yake bari a sama, amma mun san ba ya sauka sai da izini.

Wata shekara gardama ta tashi, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Wasu samari da suka yi lakwal, da waɗanda suka dawo daga cin rani a birni, suka ce ofishin kumanda ba a Hausa a cikinsa, duk mai ƙara sai ya yi Faransanci, in ya kasa a ci shi tara. A ganinsu haka abin ya fi kama da gaske. Kafin la'asar fili ya watse. Ƴan mata suka koma gida, yara suka tafi langa, aka bar ƴan boko suna yi wa juna tsawa. Da dare sarkin samari ya tara su. Bai hana kumanda Faransancinsa ba. Cewa ya yi, wane kumanda aka taɓa gani a Dutsi ba shi da tafinta? Washegari aka naɗa tafinta, fili ya cika, wasan kuma ya ƙara kama da gaskiya fiye da jiya, don a barikin ainihi ma da tafinta ake magana.

Wannan ja-in-ja tsakanin gaske da nishaɗi ya bi tuƙin jirgi na kwaikwayo tun ranar da aka haife shi. A 1929 wani saurayi a garin Binghamton na Amurka, Edwin Link, ya haɗa wani akwati mai kamar ɗakin matuƙi. Mahaifinsa yana da masana'antar kayan kiɗa masu aiki da iska, sai ya ɗebo zugazugan can ya sa a ƙarƙashin akwatin, yana karkata shi dama da hagu, sama da ƙasa. Ya yi shi don koyarwa, amma waɗanda suka fara saye masu wuraren shaƙatawa ne, ana biyan ƴan kuɗi a hau a yi dariya. Sai a 1934, da aka ɗora wa sojan saman Amurka jigilar wasiƙu, matuƙa kusan goma sha biyu suka hallaka cikin ƴan makonni, galibi saboda dare da mugun yanayi. Nan rundunar ta sayi akwati shida. A Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera fiye da 10,000, matuƙa sama da 500,000 suka koyi tuƙi da ma'aunai a cikinsu. Abin da aka raina da sunan wasan yara shi ya ceci rayuka. Yau babu makarantar jirgi ta kirki da ba ta dogara da jikokin wannan akwati, haɗe da kwalejin Zariya da aka kafa a 1964, da EAMAC ta Yamai, makarantar hukumar ASECNA da ke horar da masu kula da zirga-zirgar jirage na ƙasashen Afirka da dama tun 1963.

Kwamfuta ce ta mayar da abin gida. Microsoft Flight Simulator ya fito a 1982, X-Plane a 1995, FlightGear na kyauta a 1997. Amma mutum ɗaya a ɗaki da jirginsa ba taro ba ne. Taro ya samu ne da intanet, lokacin da wasu suka ce mu za mu tuƙa, wasu suka ce mu za mu zauna a hasumiya mu ba da izini. Ƙungiyar IVAO ta kafu a 1998, VATSIM a 2001, dukansu na ƴan sa-kai, ba a biyan kowa. Mai son zama a hasumiya sai ya yi karatu da jarrabawa mataki-mataki, daga kula da jirage a ƙasa har zuwa riƙe sararin ƙasa guda. Babban taron VATSIM shi ne Cross the Pond, sau biyu a shekara, inda ɗaruruwan jirage ke ƙetare Tekun Atilantika tsakanin Turai da Amurka. Ana raba gurbin tashi tun kafin ranar, kowa da lokacinsa da hanyarsa, kuma awa bakwai ko takwas ɗin da jirgin gaske ke ci, su ne mutum zai zauna a kujerarsa.

Ni na shiga wannan harka da girmana, a Yamai, ta hannun ɗan ƙanena. Abin da ya riƙe ni shi ne dokokinsu, don a cikinsu na ga hankalin sarkin samarinmu. A VATSIM ba a barin jirgi yana tafiya ba kowa fiye da minti 30. Ba a kwaikwayon fashin jirgi, har lambar 7500 da matuƙan gaske ke sawa don sanar da fashi haramun ce a sa ta. Ba a maimaita wani haɗari da ya taɓa cin rayuka. In mutum ya ce injinsa ya mutu yana neman saukar gaggawa, mai hasumiya na da ikon ce masa ya bari in aiki ya yi yawa, don kada mutum ɗaya ya ƙwace taron kowa. Fashi da haɗari duk suna faruwa a sararin sama na gaske, amma an cire su da gangan. Mu ma a fili ana kama mutum a kai shi kurkukun da aka zana da ƙafa a ƙasa, amma ba a dukansa, ba a kwaikwayon jana'iza, ba a taɓa liman. Akwai gaskiyar da in ta shiga wasa sai ta ɓata zukata, kuma masu hankali a ko'ina sun san ta.

Inda nake da magana shi ne wajen masu tsanani. A kowane taro za ka same su: sabon shiga ya yi in'ina a rediyo, ko ya kasa maimaita izinin da aka ba shi, sai a yi masa tsawa a gaban kowa, a ce yana ɓata musu gaskiyar abin. Na ji yaro ɗan Maradi, muryarsa na rawa, yana neman izinin tashi daga Yamai, wani ya katse shi da cewa ya je ya koyo Turanci tukuna. Yaron ya kashe na'urarsa, ban sake jin sa ba. Abin ya yi mini ciwo, don mai tsawar ma bai san gaskiyar da yake karewa ba. A tsarin maganar jirage na duniya akwai kalmar da matuƙi ke cewa a maimaita masa, akwai ta cewa a yi magana a hankali. A Ingila ɗalibin da ke tuƙi shi kaɗai yana sa kalmar ɗalibi a gaban sunan kiransa don hasumiya ta lallaɓa shi. Matuƙin da bai san fili ba yana iya roƙon a bi da shi kwana-kwana har bakin titi. A sararin samaniyar Nijar kuwa da Faransanci da Turanci duka ake aiki. Haƙuri da mai koyo yana cikin aikin na ainihi. Wanda ya cire shi ya rage wa wasan gaskiya ne, bai ƙara masa ba.

Ra'ayina a kan rabon tsanani da sassauci a fili yake. Duk abin da ya shafi wani, a tsananta: bin layi, tsayawa a tsayin da aka ba ka, sauka a titin da aka ce, rashin tsayar da jirgi cak a sama alhali wani na bayanka, yin shiru in wani na magana. Abin da ya tsaya a kanka kai kaɗai, a sassauta. In hazon hunturu ya rufe Yamai, gwani ya sa yanayin gaske ya sauka da ma'aunai, ya ji daɗinsa. Sabon shiga a bar shi ya share sararinsa ya ga ƙasa, muddin ya bi titin da aka ba kowa. Mai son ya fara daga jirgi a kashe, ya bi maɓallai ɗaya-ɗaya na rabin awa, bismilla. Wanda wuta ke yi wa wasa, ko kuɗin intanet ɗinsa ƙididdigagge ne, ya fara da inji a kunne, ba wanda ya cuta.

Wannan batu na wuta da kuɗi shi ya sa tarukan awa takwas ba su dace da yawancinmu ba, kuma kwaikwayon Turai a nan kuskure ne. Daga Yamai zuwa Dogon Dutsi kimanin kilomita 200 ne a sama, awa ɗaya a ƙaramin jirgi irin Cessna 172. Dutsi na da ɗan filin jirginta mai lamba DRRC. Tun fitowar Microsoft Flight Simulator na 2020, wanda aka shimfiɗa duniyarsa da hotunan tauraron ɗan'adam, mutum na iya bin babbar hanyar kwalta ta Dosso da ido, ya gangara Dallol Mauri, ya wuce Kore Mairuwa, ya hango duwatsun da suka ba garin suna. Yaron Kiyeshe ko na Matankari da ya ga ƙasarsu daga sama, yana karɓar izini yana maimaitawa, ya riga ya taka matakin farko na aikin da ake koyarwa a EAMAC.

Don haka nake kira ga ƴan Arewa da ke wannan harka, na gida da na waje, da masu riƙe da gidajen matasa na Dutsi da Tibiri. Kwamfuta ɗaya mai ɗan ƙarfi, da sandar tuƙi, da faifan sola sun isa a fara. A sa rana ɗaya a wata, a zaɓi gajeriyar hanya, a rubuta dokoki kaɗan waɗanda kowa zai iya riƙewa. A ware rabin awar farko don sababbi, kuma a zaunar da babba ɗaya kusa da kowane yaro, yana fassara masa maganar hasumiya da Hausa har bakinsa ya faɗa.