Kwana sittin bayan jana'iza: tarihin takardar da muke mantawa da ita



Mu da ke aikin rediyo, da wuya gari ya waye ba mu karanta sanarwar rasuwa ba. Iyalan wane na sanar da ƴan uwa da abokan arziki, jana'iza ƙarfe goma, sadakar uku ranar kaza. Kafin azahar duk gari ya ji, har dangin da ke Kano da Abijan. Wuri guda ne labarin ba ya cika kaiwa, shi ne littafin meri. A cikin wannan littafi mamaci yakan zauna da ransa shekara biyar, shekara goma, sai ranar da matarsa ta je neman haƙƙinta a ce mata ina takarda.

Takardun mutuwa uku ne, kuma mutane na yawan haɗa su. Akwai ta likita, wadda ke shaida cewa rai ya fita. Akwai izinin binnewa, permis d'inhumer. Sai ta uku, acte de décès, wadda ofishin état civil na meri ke rubutawa, ita ce kuma alƙali da banki da asusun fansho suka sani. Mutum nawa ne suka adana takardar asibiti a ƙasan akwati suna zaton sun gama? To daga ina waɗannan takardu suka zo mana, kuma me ya sa har yau ba mu saba da su ba?

Asalinsu Faransa ne, kuma rikicin dukiya ne ya haifar da su. A 1539 sarki François na ɗaya ya sa hannu kan dokar Villers-Cotterêts, wadda ta tilasta wa limaman coci riƙe littafin yaran da aka yi wa baftisma, da na binne ma'aikatan cocin da ke riƙe da muƙami mai kawo kuɗi. Dalili kuwa, idan irin wannan mutum ya mutu, na kusa da shi sukan ɓoye mutuwar har sai sun shirya wanda zai gaji kujerar. Sarki ya ce a rubuta rana da lokaci. Wannan dokar dai ita ce ta ce a bar Latin a riƙa rubuta takardun hukuma da Faransanci, kun ga ke nan harshen da ke kan takardar haihuwar ɗanka a Tasawa yana da dogon tarihi. A 1579 aka faɗaɗa abin ya haɗa da aure da binne kowa da kowa. Da juyin juya hali ya zo, ranar 20 ga Satumba 1792, aka ƙwace littattafan daga hannun coci aka miƙa su ga magajin gari. Tun daga ranar mutuwa ta zama aikin meri.

Izinin binnewa kuwa tsoro ne ya kawo shi. A 1742 wani likita a Paris, Jacques-Jean Bruhier, ya fitar da littafi yana cewa alamomin mutuwa ba su da tabbas, ya tara labaran mutanen da wai an binne su da sauran numfashi. Wasu labaran tatsuniya ce kawai, amma tsoron ya kama Turai sosai. A wasu garuruwan Jamus har ɗakunan jiran gawa aka gina, a ɗaura zare a yatsan mamaci a haɗa shi da ƙararrawa, ko da zai motsa. Shi ya sa da Napoleyon ya fitar da kundin dokokinsa, Code civil, a 1804, aya ta 77 ta ce ba a binne kowa sai da izinin jami'in état civil, shi kuma ba ya bayarwa sai ya je ya ga gawar da idonsa, kuma sai bayan awa 24 da mutuwa. Aya ta 81 ta ƙara da cewa idan akwai alamar kisa ko wani abin zargi, ba a binnewa sai ɗan sanda da likita sun duba sun rubuta. A Yunin wannan shekara wata doka ta fitar da maƙabartu bayan gari, ta ce kowa da kabarinsa, zurfin mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Mutanen Paris sun sha wahala kafin nan: a 1780 sai da aka rufe babbar maƙabartar tsakiyar birni, ta Innocents, bayan ramin gawawwaki ya rushe bangon ɗakin ƙasa na wani gida da ke maƙwabtaka. Har yau a Faransa ba a binnewa kafin awa 24, kuma dole sai da akwati. Ƴan uwanmu da suka yi rashi a can sun san wannan jira.

To ga inda abin ya sha bamban da namu. Dokar da aka gina don a jinkirta binnewa ta tarar da mutanen da addininsu ya koya musu gaggauta sutura, a ƙasar da zafin watan Afrilu ba ya jiran kowa. Wanda ya rasu da asuba, kafin rana ta take an dawo daga maƙabarta. Kuma ba wai ba mu da hanyar tabbatar da mutuwa ba ne. Masu wanka sun gani, liman ya yi salla, jama'ar unguwa sun raka, duk shaidu ne. Muddin rayuwar mutum ba ta wuce garinsu ba, wannan shaida ta isa a raba gado, ta isa mace ta shiga takaba.

Akwai wani ɓangaren tarihin da ba a cika faɗa ba, na gawar da ake bai wa makarantun likita. Ɗalibin likita ba ya sanin jikin mutum sai ya buɗe shi, su kuma makarantun Birtaniya a da gawar waɗanda aka rataye kawai doka ta ba su, ba ta kuwa isa. Sai sana'ar tone kabari da dare ta kunno kai. A 1828, a birnin Edimbara na Sikotilan, wasu mutum biyu, Burke da Hare, suka ga tonon ma wahala ne, suka kashe mutum 16 suna sayar wa wani malamin likita mai suna Robert Knox. An rataye Burke a 1829, shi ma aka feɗe gawarsa a gaban ɗalibai. A 1832 majalisa ta yi doka: gawar da babu wanda ya zo nema, daga asibiti ko gidan gajiyayyu, ana iya ba makaranta. An daina tone kabarin masu hali, nauyin ya koma kan talakan da ba shi da mai tsaya masa. Faransa ta bi hanyar kyauta, mutum ya rubuta tun yana raye cewa ya ba da jikinsa don ilimi. Ita ma ba ta tsira daga abin kunya ba. A Nuwamba 2019 mujallar L'Express ta tona yadda aka bar irin waɗannan gawawwaki suna lalacewa a cibiyar jami'ar Paris-Descartes, aka rufe wurin, kuma dokar 2021 da ta 2022 suka ɗaure abin: sai da yardar mutum a rubuce, yana iya janye ta duk lokacin da ya so, ba a biyan kuɗi, kuma iyali na iya karɓar abin da ya rage su yi masa sutura. A wajenmu kyautar gawa ba al'ada ba ce, malamai kuma sun tsananta kan mutuncin mamaci. Amma kalmar nan ta 1832, gawar da ba mai ita, mun san ta. Mukan karanta sanarwa daga ɗakin ajiye gawa ana cigiyar dangin wani bawan Allah da mota ta kaɗe, ba kati a aljihunsa, ba lambar waya.

Mu dawo gida. Faransawa sun ci Damagaram a 1899, Nijar ta zama koloni a 1922, aka mayar da babban birni Yamai a 1926. Littafin état civil ya zo tare da su, amma nasu ne, na Turawa da ƴan ƙalilan da aka ba matsayin ɗan ƙasar Faransa. Talakan ƙasa wani littafi daban ya sani, na ƙidaya. Kwamanda ya sauka a gari da tafinta, a tara mutane, a ƙirga kawuna da dabbobi. Daga wannan lissafi ake yanka haraji, wanda tsofaffinmu ke kira lanho, daga shi ake ɗibar samari aikin dole da aikin soja. Ƙidayar kan yi shekaru ba a sake ta ba, sai gari ya ci gaba da biyan kuɗin wanda ya mutu da wanda ya tsere Najeriya. Mutumin da ya ga haka, ka zo ka ce masa ya kai kansa a rubuta shi? Kakanninmu sun koyi ɓoye yaro a rumbu ranar ƙidaya, kuma a ganinmu ba su yi wauta ba. An soke aikin dole a 1946, amma tsoron alƙalami bai tafi da shi ba.

A 1933 gwamnatin Dakar ta kafa abin da ta kira état civil na ƴan ƙasa, wanda ya fi shafar ma'aikatanta da sojoji da mazauna garuruwan da kwamanda ke zaune. A 1950 aka faɗaɗa shi. Waɗanda suka fara ɗaukar takardar da muhimmanci su ne masu abin karɓa da ita: iyalan tsohon soja mai fansho, da ma'aikatan da aka fara ba kuɗin iyali a 1956. Manomin Madarunfa ko makiyayin Abalak ba shi da abin da takarda za ta ba shi, sai ya bar ta wa ƴan lakwal.

Bayan ƴancin kai a 1960 an daɗe ana aiki da tsarin da aka gada. Sai ranar 29 ga Maris 1985, zamanin Seyni Kountché, ƙasar ta samu dokarta ta kanta kan état civil. Aka sake ta ranar 3 ga Disamba 2007 zamanin Tandja Mamadou, sannan ranar 1 ga Yuli 2019 zamanin Issoufou Mahamadou. Duk sauyin hanya ɗaya ya bi, kawo littafin kusa da mutane. Bayan babban ofishi na meri, an buɗe wuraren shaidawa a asibitoci da ƙauyuka da rugage, mai gari ma yana da nasa littafin, kuma shaidawar kyauta ce. Dokar 2019 ta ba da wa'adin kwana 60. Wanda ya bari suka wuce, meri ba ta iya rubuta masa kai tsaye, sai ya bi ta kotu da shaidu ya samo hukuncin alƙali, jugement ɗin nan da kowa ke gudu, da kuɗin mota da na tambari da zuwa a ce ka dawo gobe.

Yanzu mu yi lissafi tare, don nan ne matsalar take. Kwana uku na farko gida cike yake da masu gaisuwa. Sai sadakar bakwai, sai ta arba'in a gidajen da ke yin ta. Ranar da aka naɗe tabarmin arba'in, saura kwana 20 kacal. Ita kuwa matar mamaci, wadda ta fi kowa buƙatar takardar, takabarta wata huɗu da kwana goma ce, kusan kwana 130. Wa'adin hukuma na ƙarewa tana ɗaki, ba ta ma kai rabin takaba ba. Idan ƙanen miji ko babban ɗa bai tuna ba, shi ke nan. Mu kuma muna jin nauyin maganar. Wanda ya ce a je meri a makon rasuwa, sai a ce ji wannan, ƙasa ba ta bushe ba ya fara zancen gado. Wanda ke faɗin haka ba shi ne zai tsaya gaban tebur a CNSS ko CARENI da marayu huɗu ba. Ba tare da acte de décès ba, ba a buɗe zancen fanshon gwauruwa, banki ba ya sakin kuɗin da ke asusu, takardar taron iyali da ta magada ba sa fitowa, filin da ke da sunan mamaci ba ya komawa sunan ƴaƴansa. Sunansa kuma na iya zama a jerin masu zaɓe, a zo ana ta gardama wai matattu sun jefa ƙuri'a.

Gaskiya ita ma hukuma tana da nata laifin. Littafin da aka kai ƙauye, idan ya cika ba a kawo sabo ba, ko mai rubutawa ya daɗe bai ga ɗan abin da aka yi masa alkawari ba, kyautar ta zama a baki kawai.

Mafi wuya shi ne wanda ya mutu nesa. A Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada, arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, da yawa daga yankin Kance. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su, kuma a inda aka same su aka yi musu sutura. Su an gan su, an ƙirga su. Akwai waɗanda suka tafi Libiya ko wuraren haƙar zinariya na Jado, waya ta daina shiga, ba gawa ba labari. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun yi wannan magana tun kafin Faransa ta san littafin coci. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, matar wanda ya ɓace tana kai ƙara ga hukuma, a bincika, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi idda irin ta mamaci. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai shekarun da irinsa ba ya wuce su a raye. Shekara huɗun ba daga ranar da ya bar gida ake fara ƙirga su ba, sai bayan maganar ta je gaban hukuma. A ɓangaren dokar ƙasa ma alƙali ne kaɗai ke iya bayyana mutuwar wanda ba a ga gawarsa ba, kuma hukuncinsa ne ake kai wa meri a rubuta. Matar da ta zauna shekara bakwai tana jiran mijin da ya tafi Sabha, ba ta kai maganar ko'ina ba, a duka littattafan biyu ba a fara ƙirga mata ko kwana ɗaya ba.