Daga Strauss Zuwa Deodato: Nazari Kan Wani Kiɗa Da Furodusansa

Kafin mu shiga jigon nazarin nan, wajibi ne mu fayyace kalmomin da za mu yi aiki da su. Kiɗan kilasika shi ne kiɗan Turai da ake rubutawa a takarda, babbar ƙungiyar makaɗa ta kaɗa shi yadda marubucinsa ya tanada, ba ragi ba ƙari. Jaz-fank kuwa gauraye ne na kiɗa iri biyu na baƙar fatar Amurka: jaz, wanda makaɗi ke ƙago salonsa nan take yana cikin kaɗawa, da fank, wanda ya dogara ga ganga da jita mai kaurin murya, ana maimaita zubi ɗaya har jiki ya ɗauka. Furodusa shi ne mai zaɓen makaɗa da ɗakin naɗi, kuma shi ke yanke hukuncin abin da zai hau faifai.

A shekarar 1896 ne Bajamushe Richard Strauss ya rubuta Also sprach Zarathustra, bisa littafin masanin falsafa Nietzsche. Kiɗan na ɗaukar kusan rabin sa'a, amma abin da duniya ta riƙe shi ne mabuɗinsa, wanda bai kai minti biyu ba: amo uku na ƙaho suna hawa sama, manyan ganguna suna amsawa. Fim ɗin Stanley Kubrick na 1968, 2001: A Space Odyssey, shi ya cusa shi a kunnen kowa. Don haka muna ganin cewa lokacin da Eumir Deodato, ɗan ƙasar Birazil, ya naɗi nasa salon a 1972, daga gidan sinima ya yi aro fiye da daga wurin Strauss. Shaida ita ce lambar 2001 da aka liƙa wa sunan kiɗan.

Aikin Deodato ya kasu biyu, wato abin da ya bari da abin da ya sauya. Ya bar amon ƙahon nan yadda kowa zai gane shi. Sauran kuwa duk ya juya su. Inda Strauss ya jinkirta don ya jawo kwarjini, shi sai ya shimfiɗa zubin fank mai tafiya ba tsayawa, Billy Cobham a kan ganga, shi kansa a kan fiyano mai lantarki. Ya kuma buɗe wa John Tropea da Stanley Clarke fili, kowa ya baje kolinsa da jitarsa, har mabuɗin ya miƙe zuwa minti tara. A 1973 kiɗan ya kai matsayi na biyu a jerin Billboard na Amurka, ya kuma ci kyautar Grammy a 1974.

Furodusan faifan Prelude, wanda kiɗan ya fito a ciki, shi ne Creed Taylor, kuma wannan haɗi ba baƙo ba ne a hannunsa. Shi ya kafa kamfanin Impulse! a 1960, ya jawo makaɗin jaz John Coltrane cikinsa. A kamfanin Verve ya haɗa Stan Getz da makaɗan Birazil, abin da ya haifar da faifan Getz/Gilberto na 1964. A takaice, gwanintarsa ita ce ɗauko ƙwararrun jaz ya ba su abin da mai sauraron rediyo zai iya bi. Masu ra'ayin riƙau sun zarge shi da tsarma jaz da ruwa. Mu dai a namu ganin, wanda ya saurari hannun Cobham a wannan faifai zai yi wuya ya amince da zargin.

Nasarar ce kuma ta zame wa kamfaninsa, CTI, alaƙaƙai. Ganin cinikin Prelude, sai Taylor ya kafa nasa tsarin rarraba fayafayai maimakon dogaro da dillalai. Kuɗin ya fi ƙarfin kamfanin, ya koma hannun kamfanin Motown don rarrabawa a 1974, ya kuma durƙushe saboda bashi a 1978. A shekarar da ta biyo baya, Deodato ya zama furodusan ƙungiyar Kool & the Gang, ya riƙe ta har 1982.