Ƙofa ta Biyu: Tarihin Hanyar da Kalifoniya ta Buɗe wa Ɗalibin da Jami'a ta Ƙi

A watan Maris na kowace shekara manyan jami'o'in Amurka ke sanar da waɗanda suka ba gurbin karatu, kuma a wurare irin su Berkeley da UCLA waɗanda aka ƙi sun ninka waɗanda aka ɗauka sau da yawa. Sai dai a jihar Kalifoniya wannan ƙin ba ya yanke magana. Ɗalibi na iya zuwa kwalejin al'umma ta garinsu ya yi shekara biyu, ya sake nema, ya shiga aji uku a jami'ar da ta juya masa baya, ya fita da takardar digiri iri ɗaya da ta wanda ya faro daga aji ɗaya. Mai kallo daga nesa zai zaci tausayi ne ya haifi wannan tsari. Abin da tarihi ya nuna shi ne jami'o'in da kansu suka so rage wa kansu kaya.

A ƙarshen ƙarni na 19 shugabannin wasu jami'o'in Amurka sun ɗauki Jamus a matsayin madubi. A can jami'a wurin bincike ce, karatun share fage kuwa a sakandare ake gama shi. William Rainey Harper, shugaban farko na Jami'ar Shikago, yana ganin koyar da 'yan aji ɗaya da aji biyu ɓata lokacin manyan malamai ne. A 1892 ya raba karatun digiri gida biyu, shekara biyun farko daban, biyun ƙarshe daban. Bayan haka ya ƙarfafa wa J. Stanley Brown, shugaban wata sakandare a garin Joliet, gwiwar ɗora darussan jami'a a kan na sakandare. A 1901 aka fara da ɗalibai shida, kuma wannan makaranta ce ake kira kwalejin shekara biyu ta gwamnati mafi daɗewa a ƙasar.

Ra'ayin ya fi samun gindin zama a Kalifoniya. David Starr Jordan na Stanford ya so jami'arsa ta yar da shekara biyun farko baki ɗaya, Alexis Lange na Berkeley kuma ya yi ta kamfen a kafa ƙananan kwalejoji. Dokar 1907 ta ba sakandare izinin koyar da darussan gaba da sakandare, garin Fresno ya buɗe kwalejin farko a 1910.

Abin da ya mayar da wannan dabara alkawari shi ne tsoron cunkoso. A ƙarshen shekarun 1950 yaran da aka haifa bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun kusa kammala sakandare, kowane ɗan majalisa yana son a gina jami'a a mazaɓarsa, kwalejojin jiha kuma suna neman ikon ba da digirin digirgir. Clark Kerr, shugaban Jami'ar Kalifoniya, ya ga cewa idan aka bar abin haka jami'arsa za ta narke cikin taro. Daga tattaunawar da ya taka babbar rawa a cikinta aka samu Babban Tsarin Ilimi Mai Zurfi na 1960, wanda Gwamna Pat Brown ya sa wa muhimman sassansa hannu suka zama doka. Tsarin ya raba ɗalibai hawa uku: Jami'ar Kalifoniya za ta zaɓa daga kashi 12.5 cikin ɗari mafi ƙwazo na masu gama sakandare, kwalejojin jiha daga kashi ɗaya cikin uku, kwalejojin al'umma kuwa ƙofarsu a buɗe ga duk wanda zai amfana.

A lura da kyau, wannan ƙuntata ƙofa ne, domin kafin 1960 jami'ar tana zaɓa daga kusan kashi 15. Abin da ya sa jama'a suka haɗiye shi ne sharaɗin da aka haɗa da shi: jami'o'in za su tsara yawan ɗalibansu ta yadda kashi 60 za su kasance a aji uku da huɗu, kashi 40 a aji ɗaya da biyu. Wato an bar kujeru da gangan ga masu zuwa daga kwaleji. A ganina nan ne hikimar tsarin take, kuma nan ne wayonsa yake. Jami'a ta samu damar yin tsada, jiha ta samu sauƙi tunda karatun kwaleji ya fi araha, uban da aka ƙi ɗansa kuma aka ce masa ya yi haƙuri, hanya na nan.

Mai karatu a arewacin Nijeriya ba zai ji abin baƙo ba. Wanda ya bi ta IJMB ko ya yi difloma ya shiga aji biyu kai tsaye ya san wannan hanya, kuma tsohuwar Makarantar Share Fage ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ta yi wa dubban 'yan Arewa irin wannan aiki. Bambancin shi ne Kalifoniya ta rubuta rabon kujerun a cikin tsari.

Tun a shekarar da aka amince da tsarin aka samu mai shakka. Masanin zamantakewa Burton Clark, wanda ya yi nazarin wata kwaleji a San Jose, ya nuna a 1960 cewa ɗaya daga cikin ayyukan irin waɗannan kwalejoji shi ne sanyaya burin ɗalibi sannu a hankali. Ba wanda zai ce masa ya faɗi. Za a tura shi darussan gyara, mai ba da shawara ya karkata shi zuwa koyon sana'a, har shi da kansa ya manta da jami'a. Alƙaluman baya-bayan nan ba su ƙaryata Clark ba: a faɗin Amurka kusan kashi 80 na masu shiga kwalejin al'umma suna cewa digiri suke so, amma waɗanda ke samunsa cikin shekara shida ba su kai kashi 20 ba. Kuɗin haya, aikin neman abinci, da darussan da jami'a ke ƙin amincewa da su bayan an biya an karanta, su ne ke cinye sauran.

Jihar ta yi ta faci. A 2010 ta yi dokar da ta ba mai wani nau'in shaidar kwaleji tabbacin gurbi a Jami'ar Jihar Kalifoniya. Rassa shida na Jami'ar Kalifoniya suna ba da irin wannan tabbaci ga wanda ya cika sharuɗɗa, amma Berkeley da San Diego ba sa cikin shidan, haka ma UCLA. Duk da haka jami'ar ta ɗaura wa kanta burin ɗaukar ɗan kwaleji ɗaya a kan kowane sababbin shiga biyu daga cikin 'yan jihar.

A manyan jami'o'i masu zaman kansu labarin daban ne, kuma a nan ne ɗalibai da yawa ke ruɗuwa. Ana yawan kawo misalin Barack Obama, wanda ya bar Kwalejin Occidental ya koma Columbia a 1981. Amma waɗannan jami'o'i ba su yi wa kowa alkawari ba. Gurbinsu ya dogara ne kan yawan waɗanda suka bar karatu, kuma da wuya ɗalibansu su bari. Harvard kan ɗauki kimanin dozin ɗaya a shekara, ta ma dakatar da karɓa na ɗan lokaci a 2008 saboda ƙarancin ɗakunan kwana. Princeton ta rufe wannan ƙofa a 1990, ba ta sake buɗewa ba sai 2018, inda ta ce tana neman tsofaffin sojoji da 'yan kwalejin al'umma da 'ya'yan marasa hali. A zagayen farko mutum 13 ta ɗauka.